Rakiyar Idi Kudu Neman Maganin Ƙwaya

Da sunan Allah nake farawa, kuma Shi nake roƙo Ya tsare ni daga ƙari ko ragi a cikin abin da zan faɗa.

Tun da muka dawo daga Kudu ban huta da tambaya ba. A zauren da muke ɗinki, a bakin masallaci, har a wurin jana'iza sai wani ya matso ya ce, "Malam Tanimu, yaya ƙasar Yarbawa? Yaya cikin Idi?" Duk wanda ya tambayi cikin Idi sai gabana ya faɗi, domin da za mu tafi ni na ce wa mutane ciwon ciki ne zai kai mu. Ƙarya na yi, kuma ta hana ni sakat. Na nemi izinin Idi ya ce in faɗa, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Iyakata firamare, a yi haƙuri da rubutun.

Idi ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara goma sha ɗaya. A unguwarmu cikin birni babu mai hannunsa wajen ɗinkin babbar riga. Aska takwas da zan yi wata biyu ina fama, shi a wata guda ya gama, kuma tasa ta fi tawa kyau. Hannun nan ne ya jawo masa. Gab da wata Salla aiki ya yi masa yawa, wani abokinsa ya ba shi 'yar farar ƙwaya mai hana barci. Ya gama rigunan mutane a kan lokaci, kowa na yabo, har da ni. Bayan Salla barci ya ƙi zuwa, sai ya nemi wata mai sa barci. Haka ya yi shekara uku, wannan ta tashe shi, waccan ta kwantar da shi. Ya rame, hannunsa ya soma rawa, ya koma faɗa da mutane ba gaira ba dalili. Ran da ya ɗaga wa Inna murya, Baffanmu ya tara mu ya ce gidan mari za a kai shi, a sa masa ƙarfe a ƙafa har ya dawo hayyacinsa.

Na taɓa shiga gidan mari dubiya, na ga ƙafafun mutanen da ke ciki. Na kwana uku ban iya cin abinci ba.

Akwai wani malamin makaranta a Wusasa, Malam Yohanna, wanda nake yi wa riga duk shekara. Ya zo karɓar aiki ya ga yadda na koma, ya matsa mini har na gaya masa. Ya ce 'yar wansa, Sista Rifkatu, tana aiki a wani asibiti a Kudu inda ba a ɗaure mutum, ba a ma kwantar da shi. Ɗaki ake kama masa a ƙauyen da ke gefen asibitin, shi da ɗan'uwansa guda, kullum da safe ya je a duba shi ya dawo. Ya rubuta mini wasiƙa zuwa gare ta. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don ban nemi izininsu ba.

Na kai wa Baffa maganar. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Na ba ka. Amma in ya dawo yadda ya tafi, kada ka ƙara buɗe mini baki."

Mun fita ta Ƙofar Doka bayan sallar asuba, don kada mu haɗu da masu tambaya. Inna ta haɗa mana dambun nama da ƙuliƙuli da kwalbar rubutu. Kafin mu fito na caje ɗakin Idi, duk ƙwayar da na samu na zuba a masai, ina ganin na yi dabara. Wasiƙar kuwa na ɗinke ta a cikin aljihun 'yar cikina, amma duk da haka kafin jirgin ƙasa ya iso na shafa wurin ya fi a ƙirga. Jirgin da aka ce na hantsi ne sai bayan azahar ya zo.

Na zaunar da Idi ta taga, ni na zauna ta bakin hanya. Duk tashar da muka tsaya sai in riƙe gefen rigarsa. In zai zagaya, ina tsaye a ƙofa. A Kaduna wani mai tallar magani ya shigo da jakarsa yana kirari, na ga idon Idi ya bi jakar nan har ƙarshen tarago. Wani soja da ke zaune gabanmu ya daɗe yana kallonmu, can ya ce, "Malam, ɓarawo ka kamo ne?"

Na ce, "Ƙanena ne, ba shi da lafiya."

Ya ce, "To sake masa riga mana, kafin ka ƙara masa wata cutar."

Mutane suka yi dariya. Na sake, amma da muka isa tasha ta gaba na sake riƙewa.

Kashegari da safe muka iso Jabba, inda jirgi ke haye Kwara. Wani dattijo ɗan fataucin goro da muka saba da shi a hanya, Alhaji Mamman, ya nuna mini ruwan ya ce, "Daga nan kun bar gida." Babu wanda ya tambaye mu takarda, amma da gaske iyaka ce. Matan da ke tallar kifi ta taga ban ji ko kalma ɗaya daga bakinsu ba. Na sayi kifi da nuni, na buɗe na ga har da kansa da idanunsa, ga barkono ja wur. Idi ko kallonsa bai yi ba. Zufa yake yi yana rawar ɗari, yana cewa fatarsa na tafiya. Sallolin da na yi a jirgin nan a zaune na yi su, ban tabbatar da alƙibla ba, don haka da muka sauka na rama su duka, ko da yake Alhaji Mamman ya ce babu buƙata.

Shi ne ya kai mu masaukinsa a Sabo ta Ibadan muka kwana. A nan sai ka ce kana Tudun Wada, ga tuwo, ga koko, ga gaisuwar Hausa. Na so mu ƙara kwana in huta, amma na lura da wasu samari a bakin layi da irin idon masu ƙwaya da na sani, sai na ce mu wuce. Muka shiga motar haya da aka cusa mu kamar buhuna, wata mata ta ɗora mini kwandon kaji a cinya ba ta ko tambaye ni ba.

Sista Rifkatu gajeriya ce mai saurin magana. Da ta karanta wasiƙar ta ce, "A'a, mutanen gida! Yaya Zazzau? Har yanzu ana rake a Gyallesu?" Jin Hausar nan a bakinta ya kusa sa ni hawaye. Ta shigar da mu wurin likita, wani Bayarabe mai furfura, tana fassara. Da ya ji na zubar da ƙwayoyin gaba ɗaya sai ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce mai sa barcin nan ba a yanke ta lokaci guda, tana iya jefa mutum farfaɗiya, wani ma ba ya tashi. A hankali ake rage ta, kuma su ne za su rage. Wato da hannuna na kusa kashe ƙanena a cikin jirgi ina riƙe da rigarsa. Har yau in na tuna sai na yi istigfari. Na tambaya ko rubutun Inna zai ɓata maganinsu. Sista ta ce, "Ya sha wannan, ya sha wancan. Addu'ar uwa ba ta faɗa da kowa."

Aka kai mu gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, wadda ta daɗe tana saukar masu jinya. Ranar farko ɗanta ya shigo, ƙato mai gemu, sai na ga ya zube ƙasa rub da ciki a gabanta. Maganar farfaɗiya na cikin kaina, na yi tsalle na kama shi ina salati ina kiran a kawo ruwa. Ashe gaisuwa yake yi. Mu durƙusawa muke, su kwanciya suke yi. Iya ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta kira maƙwabta ta ba su labari.

Tuwonsu na garin doya baƙi ne, na ɗauka ƙonewa ya yi. Miyar kuwa lalo ce irin tamu, sai dai sun kaɗa ta har ba ta tsayawa a hannu. Abin da ya fi damuna nama. Iya tana salla, amma ƙanwarta da ke gidan coci take zuwa, kuma tukunya ɗaya suke ci. Kwana huɗu ina ture nama gefe. Da Iya ta gane, ta kama hannuna kamar yaro ta ja ni har kasuwa wurin mahauci. Sai ga Basakkwace. Ya ce, "Malam, shekara ashirin ina yanka a garin nan. Ci namanka, ka bar wa Allah sauran."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba su ɓoye ciwon nan. Mai jinya zai wuce, matan kasuwa su gaishe shi su tambaye shi magani, kamar mai ciwon ƙafa. Ba mai nuna shi da baki. Mu a gida sai mu rufe ƙofa mu ce ciwon ciki.

Ga yadda aikin yake. Da safe a auna mutum, a ba shi maganinsa ya haɗiye a gabansu. Daga nan su zauna da'ira a wata rumfa, su goma sha wani abu. Akwai mai giya, akwai mai wiwi, akwai wani tsohon ma'aikacin banki mai allura. Kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya sha, da abin da ya aikata, da yadda ya kwana. 'Yan'uwa muna zaune a benci ta baya. In an zo kan Idi, Sista ta tambaye shi da Hausa, sai ya sunkuyar da kai. Shirun ya yi mini nauyi, sai in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Sista ta ce, "Ba kai na tambaya ba, Malam."

Kashegari ma haka. Ni a ganina taimakonsa nake yi, don a gida in babba na wuri shi ke magana. Ni ke kai shi, ni ke dawo da shi, ni ke caje aljihunsa, tabarmata a bakin ƙofa take. Kwana goma sha biyu Idi bai ce uffan ba a rumfar nan.

Ran sha uku likita ya kira mu. Ya ce magani kaɗai ba ya raba mutum da ƙwaya. Wanda ya ƙi magana, alama ce kawo shi aka yi, ba zuwa ya yi ba, kuma akwai masu jiran wuri. In mako ya ƙare haka, zai sallame mu. Ba abin da nake gani sai fuskar Baffa. A hanya na yi ta yi wa Idi faɗa, na ce, "Ka buɗe baki ka yi magana! Ka san abin da ke jiran ka a gida?" Ya ce, "To, Yaya." Kashegari ya sake sunkuyar da kai.

Da aka tashi Sista ta ja ni gindin wani mangwaro. Ta ce, "Malam Tanimu, kai Bazazzagi ne, ni ma haka. Ka taɓa zama gaban Baffanka ka lissafa masa laifuffukanka?"

Na ce, "Subhanallahi! Da wane ido?"

"To shi da wane ido? Kana zaune a ƙeyarsa kana gyaran murya. Likita bai gane ba, don su nan ɗa na faɗin komai gaban uwarsa. Ni na gane tun ranar farko, na yi shiru ko za ka gane da kanka. Gobe ka zauna gida. Ya zo shi kaɗai, kuma ka ba shi abin sayen abinci a hannunsa."

Na ce, "Sista, kemis biyu ne fa a hanyar nan!"

Ta ce, "Uku ne. Akwai ɗaya bayan tasha, ba ka gan shi ba. A Zariya guda nawa ne? Haka za ka yi ta bin sa har ɗayanku ya mutu?"

Da dare na ƙirga kuɗin abinci na ba Idi a hannunsa.

Da safe Idi ya sa hularsa ya ce, "Na tafi, Yaya." Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana. Na ɗauki takalmina, sai na ga Iya ta jawo kujerarta ta zauna a bakin ƙofa. Ashe Sista ta aiko mata. Ta tura mini ƙwarya cike da agushi ta nuna mini in ɓare. Na ɓare, na tashi, na zauna, na yi alwala ba lokacin salla ba. Da azahar suke dawowa. Aka yi azahar, sauran masu jinya suka wuce ɗaya bayan ɗaya, babu Idi. Da aka kira la'asar Iya da kanta ta janye kujera.

Na fita nemansa. Mai kemis na farko ya girgiza kai. Na biyu ma haka. Na nemi na bayan tasha, na kwatanta masa dogo, siriri, mai hula irin tawa. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga yatsu huɗu.

Ban san yadda na isa asibiti ba. Na tarar da Idi zaune a ofishin likita, idanunsa sun yi ja, Sista na gefensa. A kan tebur ga 'yar takarda a buɗe da ƙwaya uku a ciki. Sista ta ce ya saya da safe, ya haɗiyi ɗaya a bayan tasha, ya zauna can har rana ta take. Daga nan ya taso da ƙafarsa ya zo ya ajiye sauran, ya ce yana da magana. Sa'a biyu yana yi.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ke nan, an kore mu."

Sista ta fassara wa likita. Ya yi murmushi ya faɗi wani abu. Ta ce, "Ya ce yau ne Idi ya zo asibiti. Sauran kwanakin kai ne ka zo. Yanzu fita ka jira a waje, bai gama ba."

Na fita. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Mutum ya sha ƙwaya a ce an ci nasara? A hanyar komawa ina gaba Idi yana baya. Sai da muka kusa gida na ji ya ce, "Yaya."

Na tsaya, ban juya ba, don na san in na juya ba zai faɗa ba.

Ya ce, "Sau uku ina waigawa ina neman ka. Na ɗauka kana bayan wata bishiya. Da na haɗiyi ɗayar na ga da gaske ba ka biyo ni ba, sai na rasa wanda zan ɓoye wa."

Kwana arba'in muka yi a ƙauyen nan. Daga ranar bai ƙara tafiya da ni ba. Abin da yake faɗa a rumfa ban sani ba, ban kuma tambaya ba, ko da yake tambayar na ci na. Ni ran Juma'a kawai ake kira na tare da sauran 'yan'uwa a koya mana abin da za mu yi da wanda ba za mu yi ba. Na ɓare wa Iya agushin da zai kai ta baɗi. A mako na biyar Idi ya nemi allura da zare ya yi wa ɗanta aiki a wuyan riga, na ga hannun ya rage rawa. Ranar da za mu taho likita ya ba mu takarda zuwa wani asibiti a Kaduna, Idi ya riƙa zuwa duk mako biyu. Ya gargaɗe ni kada in ce wa kowa ya warke. Ya ce a ce yana kan magani. Iya ta raka mu har tasha tana ta addu'a da yarensu, muna cewa amin.

Mun iso gida da yamma, muka wuce wurin Baffa kafin mu ga Inna. Yana zaure da mutum biyu. Muka durƙusa. Ya dubi Idi tun daga hula har ƙafa, sannan ya ce da ni, "Tun da kuka tafi, ya sha?"

Na buɗe baki zan ce a'a. Allah Ya gani, a'a zan ce. Sai na ji murya daga bayana.

"Na sha ɗaya, Baffa."

Kansa na ƙasa, amma kowa ya ji. Ni dai na ce a raina ƙarfe ya tabbata.

Baffa ya ce, "Ɗaya?"

"Ɗaya. Na sayi huɗu, na mayar da uku."

Baffa ya juyo gare ni. "Kai kuma da cewa za ka yi ko ɗaya bai sha ba."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

Ya ce, "To kai ne abin sa wa ido." Ya tashi ya shiga cikin gida, ya bar mu durƙushe. Ya daɗe. Da ya fito yana riƙe da farar shadda, ya ajiye ta gaban Idi. Ya ce, "Aska biyu nake so. Ba sauri nake ba. In ta kai Sallar baɗi, ta kai."

Yanzu watanmu huɗu da dawowa, rigar ta kai rabi. Ban ce muku ya warke ba, an hana ni faɗa, kuma ni ma ban sani ba. Gobe Talata ce, ranar zuwansa Kaduna, kuma shi kaɗai zai tafi. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ni ma a sa ni, don har yanzu in ya fita ba na iya zura zare a allura sai na ji sallamarsa.